Zinariya a Cikin Fiyano

Bayan la'asar aka kira Sufeto Abdulghaffar kan wata sata zuwa wani zaure a Jidda, inda ake bikin kiɗan gwaji na zamani. Ya tarar an tsare Larai mai shara a ƙofa, tana kuka.

"Ita ce!" in ji Mahmud, mai kula da zauren. "Ba ta ma da iƙama, takardar izinin zama. A mayar da ita ƙasarsu, halas, shi ke nan!"

Ran Sufeto ya ɓaci. Kakarsa ma haka ta yi shara a unguwar Bab Makka, kowa ya ɓatar da abu sai ya nuna ta.

"Wa ya tambaye ka? Me aka sace?"

Othman, makaɗin fiyanon, ya matso. Ya ce shi kusoshi da roba yake cusawa tsakanin wayoyin fiyano don sautin ya canza. A yau ya haɗa da 'yan kunnen zinariya na marigayiya mahaifiyarsa. Ya je salla ya dawo, babu su.

"Zinariya a cikin kusoshi!" in ji Sufeto. "Kai ma dai, Ustaz."

Sufeto ya juya wajen Larai. "Yaya, kin taɓa abin nan?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ko murfinsa ba a bari in goge. 'Ya'yana na unguwar Mahjar. In aka kwashe ni, wa zai riƙe su?"

"Kai fa, Mahmud, kana ina?"

"Masallaci, tare da jama'a."

Sufeto ya zaga dandamalin, sai ya ga wata na'ura da jar fitila a kunne.

"Wannan fa?"

Othman ya dafe kai. Ashe duk sanda aka watse zuwa salla yakan bar rikoda tana ɗaukar shirun zauren, da shi yake buɗe wasansa. Tashin hankali ya sa ya manta da ita.

"Shiru ma ɗauka ake yi? To, kunna mu ji."

Da farko gurnanin na'urar sanyaya ɗaki kawai. Sai ƙwas-ƙwas na takalmi mai tauri. Sufeto ya dubi silifas ɗin Larai. Wayar fiyano ta yi ƙara, ta sake yi. Can wayar hannu ta yi kuka, murya ta fito tar: "Aiwa, Mahmud ne. Ina masallaci, zan kira ka."

Sufeto ya juya kan Mahmud.

"Masallaci!" Sufeto ya daka tsawa. "Da sunan salla ka yi sata, sannan ka laƙa wa baiwar Allah don ka san ba ta da bakin magana? Tir da kai!"

Mahmud ya zaro 'yan kunnen daga safarsa. "Ni ne. Na ɗauka in aka tafi da ita, magana ta mutu."

Ana tasa ƙeyarsa da ankwa ya waiwayo yana ihu, "Ita ma ku nemi takardunta mana!"

"Kan zinariya aka kira ni," in ji Sufeto. Ya buɗe wa Larai ƙofa da kansa. "Yalla, Yaya, tafi wajen yaranki."