Ƙofar Cikin Tambari

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, bayan magariba, aka fara zaluntar gidan Hedimasta. Ya riƙe ranar daram, domin ya yi ritaya daga koyarwa amma bai yi ritaya daga ajiye kowane abu a muhallinsa ba. Har yau unguwa Hedimasta take ce masa, kuma har yau yaro ba ya wuce shi da maɓallin riga a ɓalle.

Suna falo su uku: shi, da Mama, da Auta, wadda ke aikin zane mai motsi a wani kamfanin shirya fina-finai da shirye-shiryen talabijin. Ranar za a fara nuna sabon tambarin kamfanin, ɗan hoton nan da ke motsi kafin shiri ya soma, kuma aikin hannun Auta ne. Hoton wata tsohuwar ƙofar katako ta ɗauka a kangon da ke bayan layinsu, ta naɗi kukan da take yi, ta kai kwamfuta ta gyara.

Allon ya yi baƙi. Ƙofar ta bayyana, ta buɗe a hankali da kuka mai tsawo, haske ya kwararo daga ciki, sunan kamfanin ya hau kan hasken. Sai shiri ya fara.

Mama ta yi tafi. Auta ba ta motsa ba.

"Sun yanke," in ji ta.

"Me suka yanke?"

"Rufewar, Baba. A nawa ƙofar tana komawa ta rufu."

Kafin ya amsa, dutse ya sauka a kan kwano. Suka ɗaga kai. Shiru ya biyo baya, irin shirun da ko kare ba ya haushi a cikinsa. Sannan ƙofar kicin, wadda Mama ta sa wa sakata da hannunta, ta buɗe a hankali, da irin kukan da suka ji a talabijin.

Daga ranar ƙofa ba ta ƙara zama a rufe a gidan ba. Da rana lafiya lau. Amma da zarar duhu ya fara sauka, lokacin shirin ya yi, sai jifa ya soma, ƙofofi su bi juna: ta kabad, ta firji, ta banɗaki, har ƙyauren waje. Hedimasta ya zare wayar talabijin, ya juya fuskarta bango. Bai yi amfani ba. Kukan ƙofar yana shigowa ta katanga daga gidajen maƙwabta, gida bayan gida, har ƙarshen layi. Wani lokaci, a cikin kukan, Mama takan ji muryar mace tana kiran wani suna da kunne ba ya iya riƙewa.

Auta ta daina cin abinci sosai. Takan tsaya a tsakar gida da almuru tana leƙa bayan randa da ƙarƙashin benci kamar mai neman abin da ya ɓace. Da ta je wurin manajan kamfanin ta roƙe shi ya mayar da ƙarshen tambarin, sai ta yanke jiki ta faɗi a ofishinsa, wata murya da ba tata ba ta fito daga bakinta. Manaja ya sa direba ya kawo ta gida. Washegari ya tara ma'aikata ya ce ya sallame ta, wai ƙwaya take sha. Kafin mako ya zagayo maganar ta iso shagon bakin layi.

Wannan ne ya fi jifan ciwo a wurin Hedimasta. Amma yarinya tana ƙarewa a gabansa, don haka ya haɗiye, ya aika aka kira mai ruƙiyya. Mutum ne mai furfura a gemu, tsohon ɗalibinsa, wanda har yanzu ba ya zama sai an ce ya zauna.

Ya zo gab da magariba. Aka shimfiɗa wa Auta tabarma, Mama ta riƙe ƙafafunta. Ya fara karatu a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Can a gidan maƙwabta ƙofar ta yi kukanta. Auta ta miƙe zaune cak, idanunta a rufe.

"Ya isa haka, kana ƙona ni." Muryar tsohuwa ce, a dishe.

"Wace ce ke?"

"Mai ƙofar."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ta yi sallama, ta buɗe, ta rufe. Ban ce mata komai ba. Amma yanzu kullum ana buɗe mini ƙofa a gidajen da ban san iyakarsu ba, kuma babu mai rufewa. Ɗakina a falon kowa yake." Muryar ta karye. "'Ya'yana suna fita. Da ƙyar nake tattaro su. Ƙaramin bai dawo ba."

Mama ta saki salati. Mai ruƙiyya ya ce, "To ki fita daga jikinta ki je ki neme shi."

"A ina? A wane gida? Kukan rufewar suka sani. Da sun ji ƙofa ta fara komawa, da gudu suke shigowa. An cire mini abin kiran ɗana. Ta ɗauki nawa, na riƙe naku."

"Ba ita ta cire ba!" Hedimasta ne, ya miƙe tsaye, yatsa a sama kamar yana gaban aji. Mai ruƙiyya ya yi masa alama ya yi shiru, amma ina. "Baiwar Allah, ki saurare ni. Kina da gaskiya, amma kin kama wanda bai yi laifi ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma ban taɓa yarda da shi ba ko a kan ɗan wani."

Fuskar Auta ta juyo gare shi a hankali, idanun har yanzu a rufe.

"Kai, wa zai rufe mini?"

"Ni zan sa a rufe."

"In ba a rufe ba fa?"

"Ki dawo kaina. Ni, ba ita ba."

"Ranka ya daɗe, ba a yi musu irin wannan alkawari," in ji mai ruƙiyya.

"Na riga na yi."

Tsohuwar ta ce, "Kafin watan nan ya mutu." Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji.

Da safe Hedimasta ya sa rigarsa mai guga ya tafi kamfanin. Aka bar shi a benci har azahar, bai tashi ba. Da aka shigar da shi, manaja ya ce sakan biyu ne kawai aka yanke, an sayar wa masu tallan sabulu, kuma shi ba ya gudanar da kamfani da tatsuniya. Yana magana yana murza idanu, jajaye kamar na wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Hedimasta ya yi shekaru yana karanta fuskar mai ɓoye abu. Bai yi gardama ba. Ya faɗa masa abin da muryar ta ce, kalma bayan kalma, har zuwa ɗan da bai dawo ba.

Manaja ya ajiye biro.

"Ƙarami, ka ce?"

"Haka ta ce."

"'Yata," in ji shi. "Kullum da yamma tana ajiye biskit a bayan talabijin. Wai na ƙaninta ne, yana kuka. Baba, ba ta da ƙane."

A yammacin nan aka nuna tambarin cikakke. Hedimasta ya juyo da talabijin ɗinsa ya kalla a tsaye. Ƙofar ta buɗe, haske ya fito, sunan ya hau, sannan ta fara komawa a hankali. Gab da za ta haɗe, ya ga kamar wata 'yar inuwa ta shige da sauri. Ƙofar ta rufu. Ba a yi jifa ba.

Amma Auta ba ta iya zuwa shago ba tare da an yi shiru an bi ta da ido ba. Manaja ya aiko direba da saƙo cewa ta koma aiki, a bar maganar a tsakaninsu. Hedimasta ya hana ta fita, ya sake sa rigarsa mai guga. Wannan karon bai zauna a benci ba. Ya tsaya a tsakiyar babban ofis, inda ma'aikata suke jere a gaban kwamfutoci, ya jira manaja ya fito.

"Baba, mu shiga ciki mana."

"A ciki ka ce 'yata tana shan ƙwaya? A nan ka faɗa, a gaban waɗannan. Aljana ma da aka nuna mata ta kama marar laifi, saki ta yi. Kai ne ka rage." Ya juya ya dubi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya har kowa ya cire hannu daga aikinsa. "Za ka tsaya a inda nake tsaye ka ce ƙarya ka yi mata. Sannan da yamma, bayan tambarin da ta zana, ka fito da fuskarka a talabijin ka ba ta haƙuri, unguwarmu ta gani. Ina jira. Ni ba ni da aji gobe."