Sankira da 'Yar Fari

Koriyar fitilar Sankira ta kama, ɗan wuyansa na ƙarfe ya juya ya fuskanci Inna Tabawa, wadda ke tsince shinkafa a baranda, can ƙololuwar wani bene a Sabuwar Gumel.

"Hajiya, faɗa mini halayen 'yarki Sahura," in ji na'urar.

Sankira dai wata na'ura ce mai girman tulun shayi, ana hayarta don rubuta takardar bayanin kai ta neman shiga jami'a. Masu ƙera ta sun lura Bahaushe ba ya iya zama ya wasa kansa, tunda an ce yabon kai jahilci. Sai suka yi dabara: na'urar ta tambayi dangin mutum, ta haɗa abin da suka faɗa, ta aika da kanta. Sahura na neman digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Tudun Haske. Sau biyu ana mayar da ita, kuma bana ne damarta ta ƙarshe kafin shekaru su rufe mata ƙofa.

Abin da masu ƙera Sankira suka manta, Allah ya shirye su, shi ne alkunya. Sahura 'yar fari ce, kuma Inna irin matan da ce, ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba.

"Wa? Waccan?" Inna ta kawar da kai. "Ni me na sani a kanta? Tambayi masu ita."

"Kina alfahari da ita?"

"Kai, ji min tulu da rashin kunya! Alfaharin me?"

Ana haka Ilu ya faɗo gidan, ɗan kawun Sahura kuma taubashinta. Da ya ji abin da ake yi, bakinsa har kunne.

"Rubuta," ya ce. "Ɓarauniyar nama ce a tukunya. Ga barci kamar kasa. Da ba don ni ba, ko hanyar makaranta ba za ta gane ba."

Sankira bai san wasa ba. Ya kwashe tsaf, ya gyara, ya aika.

Da Sahura ta dawo daga aiki ta karanta abin da aka tura da sunanta, sai da ta zauna daɓas. "Na tashi a hannun uwar da ba ta taɓa kiran sunana ba. Yunwa ta sa ni satar nama. Barci ne mafakata." Ta yi kuka, ta bi Ilu da muciya, ta kira kamfanin, suka ce aikin gama ya gama.

Ba a jima ba sai ga kira. Hoton Farfesa Makama, shugaban sashen, ya bayyana a bangon ɗakinta.

"Barka, Malama Sahura! Na'urarmu mai tace takardu ta ba ki makin da ba ta taɓa ba kowa ba. Dubban mutane sun rubuto cewa tun suna goye suke son taimakon al'umma. Ke kaɗai kika zo da ciwo na gaske. An ɗauke ki, karatu kyauta. Sharaɗi ɗaya: bincikenki zai kasance a kan iyaye mata masu ƙin 'ya'yansu, kuma da mahaifiyarki za a fara."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Kunya ce kawai. Ni 'yar fari ce."

Farfesa ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Yarinya, ni ma ɗan fari ne. Da me kike tsammani na zama farfesa? In kin ce kuskure ne, na'ura za ta goge sunanki yanzun nan. Ki yi tunani."

Ta yi tunanin, wallahi ta yi. Ranta ya ɓaci, ta ji kunyar kanta. Amma fa "Dakta Sahura" akwai daɗi a kunne. Ta ce wa zuciyarta in ta shiga za ta gyara daga ciki, ta danna amincewa.

Ranar da jami'a ta turo na'urar bincike, Inna ta ci kwalliya da atamfarta ta Sallah. Tun safe take soya wa Sahura dambun nama na guzuri, tana gaya wa maƙwabta ta taga, "Wai waccan ce za ta zama dakta, kuma wai a kaina za a yi karatun." Murna kamar ta kashe ta.

Na'urar ta tsaya gabanta. Sahura na gefe da allon rubutu.

"Hajiya, tambaya ta farko. Kina son 'yarki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ni? Allah ya sawwaƙe!"

"An tabbatar," in ji na'urar. "Mai bincike, kina da gyara?"

Inna ta leƙo ta gefen mayafi tana kallon 'yarta, ido cike da ƙwallar farin ciki. Sahura ta sunkuyar da kai.

"Babu," ta ce.