Gam ɗin Katako a Murfin Laftof

Da tsakar rana ta shigo shagon, rungume da laftof da aka ɗaure da igiyar takalmi. Mai Gyara ya ga abubuwa iri-iri a kan teburin nan, har da wayar da tururuwa suka yi gida a cikinta, amma bai taɓa ganin kwamfuta da ɗamara ba.

Ya kwance igiyar. Gilashin ya leƙo daga murfinsa ta kusurwar hagu, kamar haƙorin da ke shirin faɗuwa. Ya ɗago ya dube ta.

"Malama, ke bahaguwa ce?"

Ta zaro ido. "Wa ya gaya maka?"

"Murfin. Kullum ta gefen hagu kike ɗaga shi. Ki riƙa kamawa ta tsakiya."

Ta rufe baki tana dariya. Auta ce a gidansu, ɗalibar aikin jinya. Ya gyara mata a ranar, amma lambar wayarta ba ta bar shagon ba. Kafin wata huɗu yana kiranta Bahaguwata, ita kuma tana ce masa Likita, har manyansa sun sa ranar zuwa gaida mahaifinta.

Ana saura mako guda murfin ya sake saki. Ta aje masa laftof ɗin a gurguje ta wuce. Da ya buɗe sai ya dafe kai. Fatar ƙarfen da murfin ke juyawa a kai an ɗaure ta tamau, an kuma cika wajen da farin gam na katako. Nan take ya tura mata saƙo:

"Bahaguwata, wane gwani ne ya taɓa laftof ɗin nan? Ya ƙara ɗaure fatar har ta tumɓuke mazaunin sukurori. Wannan mutumin ko kujera ba zan ba shi ya gyara ba."

Auta na wanki a lokacin, hannu duk kumfa. Ta ce, "Baba, don Allah duba min wanda ya turo saƙo."

Baba kafinta ne, shekara arba'in yana sa ƙofofi, kuma shi ne gwanin. Ya karanta har sau biyu.

Da yamma amsa ta zo wa Mai Gyara:

"Likita, ka kashe mu. Baba ne ya gyara, kuma shi ya karanta. Ya ce manyanka su zauna a gida. Ɗan gwaggona mai nemana ma har ya zo yana cewa a jefar da tsohuwar kwamfutar, shi zai kawo sabuwa, Baba kuma yana gyaɗa masa kai. Ni dai ban ci abinci ba."

Kwana biyu Mai Gyara yana kallon kwamfutar, ita ma tana kallonsa da ido ɗaya. Ya kankare gam ɗin, ya haɗa nasa mai riƙe ƙarfe da roba. Sai dai dole a matse wajen yini guda, shi kuwa da filogin shanya, 'yan abubuwan maƙale wanki a igiya, ya saba matsewa, wannan tsagar ta fi ƙarfinsu. Ya san mutum ɗaya da ya iya matsa abu mai laushi ba tare da ya fasa shi ba.

Ya sami Baba a wajen aiki yana goge katako. Ya durƙusa.

"Baba, na yi muku rashin kunya, ku yafe min. Kuma taimako na zo nema."

Baba bai ɗago ba. "Wajen wanda bai iya kujera ba?"

"Ku dai ku gwada juya wannan fatar da yatsunku."

Baba ya karɓa ya murɗa. Ta ƙi motsi. Ya sa ƙarfi har jijiyar hannunsa ta tashi.

"Ƙofa idan ta saki ɗaure ta ake yi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Haka ne, Baba. Ƙofa tana da bango a bayanta. Wannan kuwa roba ce siririya, idan fatar ta fi ta ƙarfi sai ta yage ta."

Ya miƙa masa ɗan ƙaramin sifana. Baba da kansa ya sassauta notin kaɗan, fatar ta juya lumui. Can ya ga filogin shanya a aljihun saurayin.

"Da wannan kake aiki? Kai ma ashe gwanin ne! Matsa."

Ya yanko siraran katako biyu, ya lulluɓe su da tsumma, ya ɗora ƙarfen matse katako yana murzawa a hankali kamar mai taɓa jariri.

Washegari suka kwance tare. Murfin ya buɗe da yatsa ɗaya, gilashin na zaune daram. Mai Gyara ya yi hamdala.

"Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar," in ji Baba.

Auta, da ke laɓe bayan tarin katako, ta daka tsalle don murna.

Ranar ɗaurin aure Baba ya kama hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka ita, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Mutane suka amsa da amin, amma ta Mai Gyara ta fi ta kowa ƙarfi.