Tsumma a Cikin Indararo

A shekarun fari, lokacin da hatsi ya yi wuya, akwai wani yaro ɗan aji huɗu a wani ƙauye kusa da Makoda. Yaron nan ba shi da mugunta. Amma son tantabaru, kai, abin ya yi masa yawa!

Tsohon ajinsu mai rufin kwano ne. Da bazara ba ya zaunuwa. Yara na ta ciwon kai, wasu har sun daina zuwa. Sai iyaye suka haɗa hannu suka gina sabon aji na ƙasa. Manoma suka kwaɓa jar ƙasa, suka ta da bango mai kauri. Fulani suka jawo azara da shanunsu. Barebari masu sayar da kanwa suka kafa rumfar zana a gaba. Aji ya fito da sanyi kamar cikin randa. A bayan rufin aka sa indararo, don ruwan sama ya riƙa sauka ta nan.

Wata rana yaron ya ga tantabaru biyu suna leƙa indararon. Ya hau darbejiyar da ke jikin bango, ya cusa tsumma da ciyawa a ciki don su yi sheƙa.

Hure, wata Bafulatana 'yar ajinsu, ta hango shi.

"Kai, sauko! Hanyar ruwa ce fa!"

"Wane ruwa?" in ji shi. "Ina kika ga ruwan? Geron babanmu ma ya bushe."

Tantabaru suka yi sheƙa, har da ƙwai. Yaro sai murna.

Rannan ana cikin darasi, hadari ya haɗu. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Yara suka hau tafi da ihu. Ba a jima ba sai ɗis, ɗis, rufi ya fara yoyo. Guntun laka ya faɗo a kan benci.

"Kowa ya fita rumfa!" in ji malaminsu, Malam Sama'ilu.

Ya zagaya baya, ya dawo sharkaf.

"Indararo ba ya zuba, ko ɗigo," ya ce. "Ruwa ya kwanta a sama. In aka daɗe, rufin nan zai rufta. Wa yake da ƙarfin sake gini a bana?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya tuna zafin ajin kwano. Hure ta dube shi.

"Malam," in ji yaron, "ni ne. Tsumma na cusa a ciki."

Malam bai tsaya faɗa ba. Ya ɗauko doguwar gora, ya zunguri indararon, ya sake zungura. Ɓul! Tsumma ya faɗo. Ruwa ya kwararo, shaa, ya tafi da sheƙar da ƙwan duka.

Yoyon ya ragu, can ya tsaya. Rufi bai rufta ba.

"Alhamdu lillahi!" in ji Malam, ya sauke ajiyar zuciya. Yaron kuwa hawaye yake, ga kunya, ga daɗin an tsira.

Ran Asabar babansa ya riƙo hannunsa zuwa makaranta. Yaron ne ya yi ta ɗaukar laka a kai ana gyara rufin, har wuyansa ya yi tsami.

Da aka gama, Malam ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi ɓarna, amma ka faɗi gaskiya a kan lokaci, shi ya cece mu. Ka ga ginin nan? Babu abin da aka sa a banza. Abin da jama'a suka yi don kowa, kada ka taɓa shi don son ranka. In ba ka san amfanin abu ba, ka tambaya."

"Na ji, Malam. Ba zan ƙara ba."

Ran Litinin yara suka koma ajinsu mai sanyi, ba wanda ya yi fashi. Da Malam ya nemi wanda zai riƙa duba indararo duk damina, yaron ne ya fara ɗaga hannu.