Tsayin Likita

Ranar da likitar dabbobi ta tsayar da jif ɗinta a ƙofar shagonsa, kafinta ya ɗaga kai sau ɗaya ya dube ta, guduma ta sauka a kan yatsansa.

"Gado nake so a bayan motar nan," ta ce. "Sama in kwanta idan aiki ya riƙe ni a daji, ƙasa durowar magunguna. Ga ni, auna ni."

Ina! Kunya ta hana bawan Allah. Ya saci kallonta, ya ƙiyasta tsayinta da ido, ya yanka katako.

Bayan kwana uku sai ga saƙo: "Malam Ƙiyasi, ƙafafuna a iska suka kwana. Me na yi maka?"

Ya amsa: "Tuba nake, Gimbiya. Kawo in ƙara."

Ya ƙara, ya zarce, ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Sau huɗu tana dawowa tana zazzaga masa faɗa, har ta lura ɗokin zuwa faɗan take yi. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

Da maganar aurenta da kafintan ta je gaban mahaifinta, tsohon tela, sai ya tubure.

"Mutumin da bai iya awo ba? Ba zan ba shi 'yata ba!"

Ta yi kuka, ta yi magiya. Da ƙyar ya yarda ya je ya ga aikin. Ya zare tef daga wuyansa ya bi durowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace kwalba zaune daram a gurbinta.

"Kai, wannan ai aikin gwani ne. To me ya sami gadon?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Baba, kwalabe na auna. Ita kuwa 'yar mutane ce, ban isa in ɗora mata tef ba."

"Da ka tambaye ni mana!" ta ce, kamar ta rufe shi da duka. "Ban san tsayina ba ne?"

Tsoho ya miƙa masa tef ɗin. "Riƙe. Bayan ɗaurin aure ka auna. Allah ya yi muku albarka."

Washegarin biki ango ya auna amaryarsa, ya gyara gadon tsaf. Ta hau ta miƙe, ta yi tsaki.

"Yanzu kuma me, Gimbiya?"

"Tsayi ya yi. Faɗin fa? Ko a ƙasa za ka riƙa kwana?"