Maɓallan da Ba Su da Suna

Ranar da ta fara aiki a kamfanin haɗa manhaja, mai gwajin kamfanin ya tsaya a gaban teburinta, fuska a murtuke.

"Malama, maɓallan manhajar nan ba su da suna. Na'urar gwajina ta kasa gane ko ɗaya."

Ta ɗago suka haɗa ido, sai sauran faɗan ya maƙale masa.

"To Sarkin Ƙorafi, ni na haife su?"

Daga ranar kullum sai ya nemo ƙorafin da zai kawo mata.

Shugaban sashe ma ya gwada sa'arsa ta neman soyayyarta, ta ce a'a. Don ya huce haushi, ya ce ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta sa musu suna da hannu, aikin wata da watanni.

Ba ta yi ba. Ta rubuta wa kwamfuta wani ɗan umarni a gefe guda: duk lokacin da manhajar ta ƙirƙiri maɓalli ko akwatin rubutu, sai ya shiga tsakani ya raɗa masa suna daga shafin da yake, ba tare da an taɓa tsohon aikin kowa ba.

Da la'asar saƙon mai gwaji ya shigo wayarta: "Tsiwata, gwaji ya tafi sumul. Saura zuciyata, ta ƙi aiki sai da ke."

Ta mayar: "Turo magabatanka su duba ta."

Shugaba ya matsa wa mai gwaji a kan ya yi ƙarya ya ce aikinta ya lalata manhajar. Ya ƙi, aka sallame shi. Da maganar ta kai gida, mahaifinta ya ce ba zai ba marar aiki 'yarsa ba.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ƙarya aka ce ya yi mini, ya zaɓi kora. Ni ma yau na ajiye musu aikinsu. In ba shi ba, na haƙura da aure."

Tsohon ya dube ta, ya ce:

"Wannan taurin kan na uwarki ne. Ki ce ya turo."

Kafin biki wani kamfani ya ɗauke su tare. Ranar ɗaurin aure mahaifinta ya riƙe hannun ango gam.

"Ka riƙe mata gaskiya tun ba ta zama taka ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Amarya na daga ɗaki, amma amin ɗinta ta fi ta kowa ƙarfi.