Keken da Na Koya a Ɗakin Inna

Da na buɗe ido laka ce cike da bakina, keken yana kwance a kaina, zanena ya tsage har gwiwa.

Dariya ta ko'ina! Masunta, mata masu wanki a bakin tafki, har 'yan lambu sun bar ban-ruwa sun zo kallo.

"Balaraba! Kin ji ciwo?"

Illo ne, mai gyaran kekuna, wanda magabatansa suka riga suka kawo gaisuwa gidanmu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni na jawo wa kaina. A shekarar 1974, bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke ni aikin duba masu ciki a ƙauyuka, aka ba ni keke. Baba ya ce ba zai yarda ɗiyarsa ta riƙa faɗuwa a hanya maza na kallo ba. Illo ya ce zai koya mini a bayan lambuna, kunya ta hana ni.

Sai na shigar da keken ɗakin Inna, na ɗora shi kan tubali, tayar baya tana lilo. Sati uku ina tuƙawa. Ba rana, ba ƙaya, ba idon kowa, ƙafafuna suka yi ƙarfi. Na ce wa Illo na iya.

Ashe Ladi, 'yar kawunsa da ta daɗe tana son sa, ta taɓa leƙo ni. Ita ce ta tsayar da ni ranar ina tura keken, gaban Hajiya mahaifiyarsa, wadda da ma ba ta son 'yar lakwal.

"Hau mana mu gani, gwana!"

Na hau. Yashi ya karkatar da ni, gangare ya kwashe ni, birki ma ban san inda yake ba.

"A ɗaki ta koya, kan tubali!" Ladi ta faɗa da ƙarfi.

Hajiya ta dube ni, ta ja mayafinta ta wuce.

Kwana huɗu ko zaure ban leƙa ba. Ran na biyar Illo ya yi sallama.

"Kowa na faɗuwa, Balaraba. Amma mi ya sa kika yi mini ƙarya?"

"Kunya na ji... kada ka gan ni ina tangal-tangal."

"Ni? Haba, sanyin idona! Ni ne za ki ɓoye wa?"

Na fashe da kuka. "Ka yafe mini, Illo. Na san Hajiya ta gama da ni."

"Tana ciki wurin Baba."

Na bar shi a zaure na koma ciki. Na laɓe bayan zana ina jin muryarta.

"Malam Musa, a ƙauyen Sarkin Yamma na yi haihuwar fari. Kwana biyu ina naƙuda, kafin ungozoma ta iso da ƙafa ɗan ya koma. Ranar nan na ga yarinya ta gwammace ta faɗi da ta bar aikin nan. Ka bar ta ta koya a fili."

Sai na ji muryar Baba.

"To, Hajiya. Allah ya tsare."

Washegari da hantsi Illo ya riƙe sirdin yana gudu a bayana. Sau bakwai na faɗi, duk a gaban mutane, ina tashi ina kakkaɓe zane, kaina a ƙasa. Ran na uku na ji keken ya miƙe, iskar tafki tana bugun fuskata.

"Illo, don Allah kada ka saki!"

Daga can nesa na ji shi yana dariya.

"Tuƙa, masoyiyata, tuƙa!"

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura mana aure. Haihuwar farko da na karɓa a Sarkin Yamma mace ce, kuma Hajiya na fara zuwa na gaya wa.